Mudu Ɗaya Ga Kowa: Yadda Amsarki Ke Zama Alƙaluman Lafiyar Yara

 

Yau zancen awo za mu yi. Uwargida, ke kin fi kowa sanin cewa kwanon awo ba ɗaya ba ne. In aka auno miki gero kwano uku a kasuwar Rano, aka kawo miki wani kwano ukun daga Dawanau, da wuya ki juye su ki ga sun zo daidai. Wani mai awon ya cika har ya yi tsororuwa, wani ya shafe baki, wani kuma kwanon nasa ne ma ƙarami. Shi ya sa in lokacin zakkar fidda kai ya zo ba a barin kowa da kwanonsa. Malamai sukan mai da mu ga mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mudu huɗu ga kowane mutum, ko a Saji kike ko a Makka.

Haka lamarin yake a harkar lafiya. Kullum kina jin rediyo na cewa kashi kaza na yara suna fama da tamowa, mata kaza suna rasuwa wajen haihuwa. Da waɗannan alƙaluman ake yanke shawarar inda za a kai allurar rigakafi, da abincin tamowa, da ungozoma. In kowane mai bincike ya auna da kwanonsa, ba za a iya haɗa sakamakon wuri ɗaya ba, kuma ƙananan garuruwa irin Saji su ne suka fi cutuwa. Bari ki ji dalili.

Daga ina alƙaluman suke fitowa?

Hanya biyu ce babba. Ta farko ita ce manyan littattafan nan da kike gani a gaban malamar asibiti ranar awo ko ranar rigakafi. Duk ƙarshen wata ana tattara abin da ke ciki a cike takarda ɗaya, a kai wa jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a wata manhajar kwamfuta mai suna DHIS2. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorantar gina manhajar, kuma ƙasashe fiye da 70 suna aiki da ita, har da Najeriya. Ta haka abin da aka rubuta a asibitin Saji, ko Rurum, ko Tarai ta Kibiya, yake isa Kano, ya wuce Abuja.

Hanya ta biyu ita ce binciken gida-gida. Akwai wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yi, mai suna NDHS, wanda aka yi a 2003, 2008, 2013, 2018, da kuma 2023 zuwa 2024. Akwai kuma MICS, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da UNICEF. A binciken 2018, an zaɓi unguwanni da ƙauyuka 1,400 ne kacal a faɗin ƙasar, aka yi hira da mata kusan 42,000. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44. Ke nan irin wannan binciken yakan ba da sakamakon jiha ne gaba ɗaya, ba ya iya cewa ga halin da Rano ko Kibiya take ciki, balle mazaɓa ɗaya kamar Saji.

To, ta yaya za a gano halin da yaranmu suke ciki? Sai an haɗa wannan da wancan: littafin asibiti, da binciken gida-gida, da na jami'o'i irin Bayero da Ahmadu Bello, da na ƙungiyoyin agaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma haɗawar ba ta yiwuwa sai in duk sun yi tambaya iri ɗaya, sun auna da ma'auni iri ɗaya, sun kuma rubuta a tsari iri ɗaya. Wannan daidaitawar ita ce abin da masana suka daɗe suna wahala a kai.

Ma'auni ɗaya ga yaran duniya

Ki duba katin awon ɗanki. Layukan nan da suka lanƙwasa suna hawa sama suna da tarihi. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 har zuwa 2006, da girman yaran Amurka aka riƙa gwada yaran duniya. Bayanan jariran kuwa daga wani yanki ne na jihar Ohayo, kuma yawancinsu madarar gwangwani aka shayar da su. Jaririn da ke shan nonon uwa ba ya girma daidai da mai shan madarar gwangwani, saboda haka ma'aunin ya riƙa ruɗa ma'aikatan lafiya.

Sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya sabon bincike daga 1997 zuwa 2003 a ƙasashe shida: Gana, Indiya, Oman, Norwe, Burazil da Amurka. An auna yara kusan 8,500, waɗanda aka shayar da nono, iyayensu mata ba sa shan taba, kuma suna zaune cikin wadata da tsafta. Duk masu awon horo ɗaya aka ba su, kayan aiki iri ɗaya, kuma ana bi ana gwada hannunsu lokaci zuwa lokaci. Da sakamakon ya fito a 2006, sai aka ga abin mamaki: yaron Akara da na Oslo da na Delhi, in suka samu abinci da kulawa iri ɗaya, girmansu kusan ɗaya ne har su kai shekara biyar.

Ki tsaya ki yi tunani a kan wannan. Mukan ce, "Ai mu gidanmu gajeru ne, gado ne." Gado yana da nasa rabon, amma in aka ce fiye da rabin yaran jiha guda sun gaza tsayin da ya kamata, to magana ta wuce gado. Binciken 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jihar Kano kuwa kashi 57 ne. Da babu ma'auni ɗaya, da ba mu da bakin cewa yaranmu na baya, kuma ba mu da hujjar neman a kawo musu ɗauki.

Canjin ma'auni ba ƙaramin abu ba ne. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, masana sun ɗauko bayanan yaran da ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da su a 2006, suka gwada su da tsohuwar ƙa'ida da kuma sabuwa. Sabuwar ta nuna masu matsananciyar tamowa sun kai kusan ninki takwas na abin da tsohuwar ta nuna. Yaran dai su ne, kwanon awon ne ya canza. Duk wanda ya ɗauki rahoton da aka yi da tsohon ma'auni ya ajiye kusa da na sabo ba tare da ya daidaita su ba, zai ɗauka yunwa ce ta ƙaru farat ɗaya.

Haka igiyar nan mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da ita. Ana amfani da ita ga yaro daga wata 6 zuwa wata 59, a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Ruwan ɗorawa daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ne. Kore daga 12.5 zuwa sama. Kafin 2009, jan yana tsayawa ne a santimita 11, sai Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga shi saboda sun ga yara da yawa suna mutuwa a wannan ɗan tsakanin. Rabin santimita ne kawai, amma shi ke raba yaron da za a ba abincin tamowa na leda, mai gyaɗa da madara, da wanda za a ce a mai da shi gida. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da kansu, aka kuma tabbatar awonsu bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba. Ke ma za ki iya, ki roƙi malamar asibiti ta nuna miki.

Ranar haihuwa ita ce ginshiƙi

Duk kyawun sikeli, in ba a san shekarun yaro ba, awon ya tashi a banza. Ga misali. Yaro namiji mai tsayin santimita 87, in shekararsa biyu, yana tsakiyar layi, lafiyarsa lau. In kuwa shekararsa uku da wannan tsayin, ya faɗa cikin tsumburarru, domin sa'anninsa sun kai kimanin santimita 96. Yaro ɗaya, tsayi ɗaya, amma amsar da kika bayar ce za ta sa shi a wannan layi ko wancan.

Mu kuwa yadda muke lissafi daban ne. "An haife shi da azumi." "Bayan Babbar Sallah ne, ana yankan gero." "Tsaran 'yar wance ne." Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kimanin kwana 11, cikin shekara biyar an samu tazarar kusan wata biyu. Shi ya sa ƙwararrun masu bincike suke tafe da jadawalin da ya jera watannin Musulunci da na Bature, da damina da kaka da hunturu, da manyan abubuwan da suka faru a yankin, suna bi da ke a hankali har a gano watan. In sun yi ta maimaita tambaya, kada ki ɗauka ƙure suke yi miki.

Mafi sauƙi dai shi ne a rubuta. Binciken 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Tunda wayar nan tana hannunki, ranar suna ki rubuta kwanan watan haihuwar, na Musulunci da na Bature, ki ajiye.

Har kwanciya da tsayuwa suna da ƙa'ida. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna tsawonsa, wanda ya kai kuma a tsaye, domin awon kwance yakan ɗara na tsaye da kimanin santimita 0.7. In aka ce ki cire masa takalmi da hula, ko ki kwance wa yarinya ɗaurin gashi, ko a rage masa kaya kafin ya hau sikeli, dalilin ke nan.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Ana fassara takardun binciken NDHS zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo. Sai dai fassara kalma daban, fahimtar juna daban. Ga wasu wuraren da aka fi samun saɓani.

Nono zalla. Da yawa daga cikinmu in aka tambaye mu mukan ce, "Nono kawai yake sha," alhali ana ɗan ba shi ruwa saboda zafi, ko jiƙo, ko ɗan koko. A wurinmu ruwa ba abinci ba ne. A ƙa'idar duniya kuwa, nono zalla yana nufin jariri ɗan ƙasa da wata shida bai sha komai ba jiya, dare da rana, sai nono, in ban da magani, ko sinadarin ƙarin lafiya na ɗigawa, ko ruwan gishiri da sukari na asibiti. Ko cokali ɗaya na ruwa ya fitar da shi daga lissafin. Da yake da wannan ma'anar aka yi ta tambaya, shi ya sa za a iya cewa an samu ci gaba daga kashi 13 a 2008, zuwa 17 a 2013, zuwa 29 a 2018.

Gudawa. In yaro yana fitar da haƙori yana zawo, mukan ce, "Ba ciwo ba ne, haƙori ne." Mai bincike ya tambaya ko yaron ya yi gudawa cikin mako biyun da suka wuce, uwa ta ce a'a, kuma ba ƙarya take nufi ba. Amma a wurin ma'aikatan lafiya, kashi mai ruwa sau uku ko fiye a yini gudawa ce, ko da haƙori ko babu. In aka ɓoye ta a bayan haƙori, lissafi zai nuna gudawa ta yi sauƙi a yankin, a rage kawo ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki.

Rigakafi. Ɗigon shan inna da ake bi gida-gida daban yake da alluran asibiti. Akwai ta ranar haihuwa, akwai allurar nan mai kare cututtuka biyar da ake yi a mako na 6, na 10 da na 14, sannan ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. Yaron da bai samu ko ta farko daga cikin ukun nan ba, a lissafin duniya yana cikin waɗanda rigakafin yau da kullum bai kai gare su ba, ko da an ɗiga masa na shan inna sau goma. Cikin cututtuka biyar ɗin akwai mashaƙo, wanda ya yi mana ɓarna a Kano a 2023. Saboda haka in an tambaye ki, katin za ki ɗauko, ya fi "an yi masa" ƙarfi.

Yawan haihuwa. Wannan ya shafi kunya da kawaici. Wata ba ta ƙirga ɗan fari. Wata ba ta son ambaton waɗanda suka koma, ta riga ta bar wa Allah. Wata ta ba da riƙo, wata kuma tana riƙon na 'yar'uwarta. Shi ya sa ake rarraba tambayar: nawa ne suke tare da ke, nawa ne suke wani wuri, nawa ne suka rasu. Akwai zafi a tuna, amma yaron da ba a ambata ba, rasuwarsa ba ta shiga lissafi, kuma abin da ya kashe shi ba za a bi sawunsa ba. Haka nan akwai bambanci tsakanin ɓari, da ɗan da aka haifa ba rai, da wanda ya zo da rai ya koma. Wanda ya yi numfashi ko motsi, ko na minti ɗaya ne, an haife shi da rai. Don gwada ƙasa da ƙasa, ana ƙirga wanda ya zo ba rai daga mako 28 na ciki, wato wajen wata bakwai, alhali Ingila tana farawa daga mako 24, Amurka daga mako 20.

Rasuwar masu ciki da masu jego. A ƙa'ida, ita ce rasuwar mace tana da ciki, ko cikin kwana 42 bayan cikin ya ƙare, ta dalilin cikin ko wani ciwo da cikin ya tsananta, ban da haɗari. Kin ga kwanakin sun zo kusan daidai da arba'in ɗinmu na wankan jego. Binciken 2018 ya samu mata 512 cikin kowace haihuwa 100,000. Da aka faɗaɗa zuwa wata biyu, aka haɗa da kowane irin sanadi, sai ya zama 556. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, da ta haɗa bayanai daban-daban ta yi gyara saboda mace-macen da ba sa shiga rubutu, ta ƙiyasta 1,047 a shekarar 2020. In kin ji lambobi uku a rediyo, ba lallai wani ne ya yi ƙarya ba. Ki tambaya: da wane mudu aka auna, kuma na wace shekara ne?

Inda mudu ɗaya ya yi rana

Shan inna shi ne babban misali. Duk duniya ƙa'ida ɗaya aka bi: duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai rahoto, a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, a kai ɗakin gwaji cikin sanyi. A Najeriya ɗakunan gwajin suna Ibadan da Maiduguri. Har ma an sa ƙa'idar cewa yankin da bai taɓa kawo rahoton ko yaro ɗaya ba, ba a yaba masa, ana ɗauka ba ya nema ne, tunda akwai wasu cututtukan da ke sa gaɓa ta saki.

Da wannan tsarin aka san cewa yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano, a Sumaila yake, nan kudancin Kano, a watan Yulin 2014. Na ƙarshe a ƙasar kuma a Borno, a 2016. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Duniya ta yarda da wannan shelar ne domin yadda aka nema a Kano haka aka nema a ko'ina. Akwai dai wani nau'in ƙwayar da har yanzu yake yawo inda rigakafi ya yi ƙaranci, shi ya sa ba a daina ɗigawa ba.

Akwai kuma lokacin da gwada hanya biyu ya tona gaskiya. Wajen 2016, rahotannin asibitoci suna nuna sama da kashi 90 na yaran Najeriya sun kammala alluran nan uku. Da aka shiga gida-gida a binciken 2016 zuwa 2017, ana duba kati ana tambayar iyaye, sai aka samu kashi 33. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ba a san ainihin yawan yaran ba. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka samu mutum kimanin 145,000 a Rano da kimanin 137,000 a Kibiya, tun daga nan kuma ƙiyasi ake yi. Wannan saɓanin ya sa Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafi a 2017. Amsar iyaye mata a zaure da tsakar gida ce ta sa gwamnati ta farka.

"To, ina za su kai bayanaina?"

Tambaya ce mai kyau, kuma mu Kanawa muna da dalilin yin ta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200 a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 11 sun rasu, iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabon bai gama warkewa ba.

Ki sani, daidaita bincike ya haɗa har da daidaita haƙƙinki. Tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma a 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Duk mai bincike na gaskiya zai nuna miki katin shaidarsa, ya gaya miki wanda ya aiko shi, da abin da za a yi da amsarki, cikin harshen da kike ji. Yawanci sai sun bi ta wurin dagaci ko mai unguwa. Kina da ikon ki ce sai kin shawarci maigida, ko ki tsallake wata tambaya, ko ki ƙi gaba ɗaya, kuma ba za a hana ki magani a asibiti saboda haka ba. In za a ɗebi jini, sai an gaya miki abin da za a gwada. Kafin a haɗa bayanai a ba wasu masana, ana cire sunaye, a bar lamba. Wanda ya nemi lambar asusunki na banki ko ta sirrin katin cirar kuɗi da sunan binciken lafiya, wannan ɗan damfara ne, ki rufe ƙofarki.

Abin da ke hannunki

Na ɗaya, ki adana katin awon ciki da na rigakafi a leda, inda ruwa da gara da yara ba za su kai ba. Ki ɗauki hotonsu da wayarki duk lokacin da aka ƙara rubutu.

Na biyu, kada ki bar asibiti sai kin ga an rubuta nauyin yaron da ranar allurar a katinki da kuma babban littafi. Ki tambayi malamar, "Ina ya faɗa a kan layin?" Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, ki riƙe suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya ga kowane yaro. In a Saji an rubuta sunan yanka, a Babban Asibitin Rano an rubuta laƙabi irin Abba ko Ummi, to yaro ɗaya ya zama biyu a lissafi, kuma tarihin ciwonsa ya rabu. In kin je wankan gida ko goyon ciki a wani gari, ki tafi da katin, kada a buɗe sabo.

Na huɗu, ki yi wa yaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da wuri.

Na biyar, in kin yarda za ki amsa tambayoyi, ki faɗi abin da ya faru, ba abin da kike ganin ana so a ji ba. In kin ba jariri ruwa, ki ce kin ba shi. In a gida kika haihu, ki ce a gida ne. In kuma ba ki tuna ba, "ban tuna ba" amsa ce, akwai gurbinta a takardar, kuma ta fi kintace amfani. Kada ki ƙara a kan matsala don sa ran tallafi, kada kuma ki rage don kunya.

Na shida, in kalma ta shige miki duhu, ki ce a fayyace. "Shawara" a bakinmu tana iya nufin cututtuka da dama, haka "zazzaɓi", haka "sanyi". Ki kwatanta abin da kika gani da idonki: kwana nawa, sau nawa, wane launi.

Masana za su ci gaba da zama a Abuja da Janeba suna daidaita takardunsu, wannan aikinsu ne. Amma lambar da za su yi aiki da ita daga bakinki take farawa, da damtsen ɗanki, da katin da ke cikin adakarki. In aka auna daidai aka rubuta daidai, yaron Saji zai fito a lissafin ƙasa kamar yadda na Nasarawa cikin birni zai fito, kuma za a san abin da ya rasa.

Kafin mu rabu, ina so ku gaya mana a ƙasa: me ake kiran tamowa, da ƙyanda, da jijjigar masu ciki a garinku? Za mu tattara sunayen mu kawo su a fitowa ta gaba, don ma'aikatan lafiya da ke karanta wannan fili su amfana.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun sake haɗuwa.